Kama da Wane Ba Ta Wane: Rikicin Harsashi a Tsofaffin Libarba

A shekarar 1896, lokacin da Theodore Roosevelt ke shugabantar hukumar 'yan sandan birnin New York, kowane ɗan sanda yana rataye da irin bindigar da ya samu ne, babu tsari ɗaya. Roosevelt ya zaɓar musu libarba guda, ƙirar kamfanin Colt, wadda ake kira New Police. A cikin wannan shekarar ne kuma babban kishiyar Colt, wato Smith & Wesson, ya fito da sabon harsashi mai suna .32 S&W Long. Harsashin ya karɓu, Colt ya ga ba makawa sai ya ƙera bindigar da za ta ci shi, amma girman kai ya hana shi buga sunan kishiya a jikin hajarsa. Sai ya ɗan daɗe kan ƙwayar dalmar, ya raɗa masa sabon suna: .32 Colt New Police. Harsashi ɗaya ne, suna biyu. Wanda ya saka wannan a madadin wancan bai yi ɓarnar komai ba.

To amma Colt yana da wasu harsasan nasa na tun 1875, su ma da lambar .32 a gabansu: .32 Short Colt da .32 Long Colt. Waɗannan ba su haɗa komai da na Smith & Wesson ba sai lambar. Ga kuma .32 ACP na John Browning da ya fito a 1899, ga .32-20 na Winchester da aka yi wa doguwar bindiga a 1882, ga wani tsohon .32 da ake buga wa wuta a gefen gindi ba a tsakiya ba. Duk sunansu talatin da biyu. Mutumin Amurka da ya buɗe akwatin marigayi kakansa ya tarar da 'yar ƙaramar libarba, an rubuta mata “32” kawai a bututu ko ma ba a rubuta komai ba, ya shiga kanti ya ce a ba shi harsashin talatin da biyu, bai faɗi komai ba tukuna. Lambar da ke jikin waɗannan bindigogi sunan kasuwa ce, ba awo ba ce. Kuma shigar harsashi cikin raminsa ba shaida ba ce cewa nasa ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, bindigogin da suka fi tsufa da rauni su ne suka fi karɓar baƙon harsashi ba gardama.

Sai mun daidaita kalmomi kafin mu yi nisa, domin Bahaushe da harsashi yake kiran abin da ake ɗurawa, da harsashi kuma yake kiran abin da ke fita. Abin da ake ɗurawa kashi huɗu ne: kwanso na tagulla, albarushi a cikinsa, 'yar hula a gindi wadda ke ba da tartsatsi in an doke ta, sai ƙwayar dalma a baki, ita ce mai tafiya. Libarba kuwa bindigar hannu ce mai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa, mu kira shi ganga, an huda masa ramuka biyar ko shida ko bakwai. Duk sa'ad da aka ja kunama ko aka ɗana guduma, ganga ta juya ta kawo rami ɗaya saitin bututu. Abin da ke hana harsashi zurmawa cikin ramin shi ne leɓen da ke gindin kwanso. A Nijeriya dai Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisi daga shugaban ƙasa, saboda haka wannan zance na ƙasashen da aka ƙera su ne, inda har yau miliyoyinsu ke kwance a gidaje da hannun masu tara kayan tarihi.

Asalin ruɗanin lambobi yana cikin yadda aka fara yin harsashi. Na farkon, ƙwayar dalmarsu kaurinta ɗaya da kwanso. Wata 'yar dunduniya ce siririya a ƙasanta ke shiga cikin kwanson, sauran jikin yana waje, an shafe shi da kitse ko kakin zuma. Tunda ƙwaya da kwanso kauri ɗaya ne, ramin ganga ma ɗaya ne tun daga baya har gaba, kamar an soka kara. Illar wannan tsari ita ce kitsen da ke waje yana kwasar ƙura da yashi a aljihu, yana narkewa cikin zafi. Sai aka koma cusa ƙwayar cikin kwanso a ɓoye kitsen. Ƙwayar da za ta shiga cikin kwanso kuwa dole ta fi shi siranta. Nan awo ya canza, suna bai canza ba. Shi ya sa harsashin da ake kira .38 Special ƙwayarsa inci 0.357 ce, ba 0.38 ba, na .32 S&W kuma inci 0.312. Harsashin .22 ne kaɗai cikin sanannu ya riƙe tsohon tsarin har yau. Tun daga .22 Short da Smith & Wesson suka fitar a 1857, zuwa .22 Long na 1871 da .22 Long Rifle na 1887, duk masu dunduniya ne. Wannan ne dalilin da ya sa .22 Magnum na 1959, wanda ƙwayarsa ke cikin kwanso, ya fi su kaurin kwanso, kuma in aka harba .22 Long Rifle a raminsa, kwanson kan tsage saboda ya yi masa yawa.

Irin wannan ce ke faruwa tsakanin .32 na Colt da na Smith & Wesson. Kwanson Colt kaurinsa inci 0.318 ne, na Smith & Wesson 0.337. Bambancin bai kai rabin milimita ba sosai, ido ba zai gane shi a tafin hannu ba. Na Smith & Wesson ba ya shiga ramin Colt, wannan da sauƙi, bindiga ta ƙi da kanta. Amma na Colt yana faɗawa ramin Smith & Wesson yana lilo, kuma yana iya tashi. Aikin kwanso a lokacin harbi shi ne ya ɗan kumbura ya manne da bangon rami, ya toshe hanya kada iska mai zafi ta dawo baya. In ramin ya yi masa faɗi, tagullar takan miƙe fiye da ƙarfinta ta dare, iskar ta tsarto wajen hannu da fuskar mai harbi. Daga baya ma da Colt ya mayar da ƙwayar .32 Long Colt cikin kwanso, sai ta sirance ta koma wajen inci 0.299, aka rarake gindinta don iska ta buɗa ta ta kama bututu. Ke nan ko a cikin suna ɗaya, na wannan zamani da na wancan ba ɗaya ba ne.

Akwai dai dangi guda da ke da tsari mai kyau, kuma a nan ne mutane ke samun ƙarfin gwiwar da ke kai su ga kuskure a wani wajen. A 1878 aka yi .32 S&W, kwansonsa wajen milimita 15 da rabi. A 1896 aka ƙara masa tsawo zuwa milimita 23, ya zama .32 S&W Long. A 1984 kamfanonin Harrington & Richardson da Federal suka sake ja zuwa milimita 27, suka kira shi .32 H&R Magnum. A ƙarshen 2007 Federal da Ruger suka kai shi milimita 30 da ɗoriya, .327 Federal Magnum ke nan. Kauri ɗaya, leɓe ɗaya, ƙwaya ɗaya, tsawo ne kawai ya bambanta. Saboda haka libarbar da aka yi wa na ƙarshen za ta ci dukan huɗun, wadda aka yi wa na uku za ta ci uku, haka har ƙasa. Ƙarin tsawon nan ba don neman wurin zuba albarushi kaɗai aka yi shi ba. Makulli ne. A cikin rami akwai 'yar kafaɗa inda faɗin kwanso ya ƙare, faɗin ƙwaya ya fara. Dogon kwanso zai tokare da kafaɗar, gindinsa ya yi waje, ganga ta ƙi rufuwa. An yi haka da gangan, domin ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka, ta ƙayyade matsin .32 S&W Long a fam 15,000 kan kowane murabba'in inci, na .327 kuwa fam 45,000. Ninki uku cif. Dabara ɗaya aka yi a 1935 da aka fito da .357 Magnum: aka ƙara wa kwanson .38 Special wajen milimita uku don kada ya shiga tsofaffin bindigogi.

Ko saka gajere a ramin dogo ma ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Ƙwayar sai ta yi ɗan tsalle a fili kafin ta kai maƙogwaron rami, wani lokaci saiti ya ɗan ragu. Sannan toka da ɓurɓushin dalma kan taru su yi zobe daidai inda gajeren kwanso ya tsaya. In ba a goge ba aka zo aka cusa dogo, zoben zai matse bakinsa, ya yi wuyar shiga, ya yi wuyar fita, matsi kuma ya ƙaru. Wannan matsala ce ta tsafta, buroshi na maganinta.

Babbar matsalar ita ce makullin yana aiki ne kawai in akwai kafaɗa. Bindigogin da aka yi a zamanin ƙwaya mai dunduniya ba su da ita, tunda raminsu a miƙe yake. Libarbar Colt ta 1892, wadda sojan Amurka ya ɗauka da harsashin .38 Long Colt, misali ce da aka sani. Na farko-farkonta an huda gangarsu zar, kuma gangar tana da tsawo. .38 Special yana shiga, har ma wani .357 Magnum yana iya shiga ya zauna daram, harsashin da aka ƙirƙiro bayan shekara arba'in da uku, mai matsin fam 35,000, a cikin ƙarfen da aka yi domin baƙin albarushi. Haka kuma yawancin ƙananan libarba masu araha na wancan zamani, masu ƙera su ba su ɓata lokaci wajen yin kafaɗa ba. Abin da ke hana dogon harsashi shiga cikinsu gajartar ganga ce kawai, in kuwa aka sami mai daɗaɗɗen kai wanda ƙwayarsa ke nutse cikin kwanso, sai ya shige. Bindigar ba ta da bakin cewa a'a.

Sai .32 ACP, wanda Turai ke kira 7.65 Browning. Wannan an yi shi ne domin fistol mai ɗura kanta, ba libarba ba, amma Browning ya bar masa ɗan guntun leɓe. Guntun leɓen nan kan ishe shi ya maƙale a ramin .32 S&W Long, wani lokaci har a na gajeren. Ga shi kuma ya fi sauran samuwa a kanti, ya fi araha, don haka jarabar gwada shi ba ta ƙarewa. Matsinsa fam 20,500 ne, ya haura na Long da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Leɓensa ya fi siranta, don haka yana zama can ciki, wani ya ƙi tashi, wani ya dawo baya da ƙarfi ya doki jikin bindiga, wata hular ta huje. Ƙwayarsa kuma yawanci an lulluɓe ta da jan ƙarfe, ta fi dalma tauri. Za ka ji masu cewa sun yi shekaru suna yi ba abin da ya faru. Mai yiwuwa gaskiya suke faɗa, in sabuwar libarba ce mai ƙarfi da aka yi wa Magnum. Amma wanda ya ɗauki wannan labari ya kai kan bindigar 1890, ƙaramin sani ne ya zame masa ƙuƙumi.

Nan muka iso ga abin da ya fi jawo musu, wato albarushi. Wanda maharbanmu suka sani a bindigar gargajiya shi ne baƙin albarushi, mai hayaƙi da toka. Da shi aka yi duk harsasan farko. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, kuma kafin a shiga ƙarni na ashirin ya fara mamaye kasuwa. Bambancinsu ba a hayaƙi kaɗai yake ba. Baƙin albarushi ana cika kwanso da shi ne taf, kuma iyakar abin da kwanson zai ɗauka shi ne iyakar ƙarfin. Sama da rabinsa ma ba ya zama iska, toka yake komawa. Marar hayaƙi kuwa ɗan kaɗan ake zubawa, kusan duka yake zama iska, kuma yadda matsi ya ƙaru haka saurin ƙonewarsa ke ƙaruwa. Kuskure kaɗan a awo ko wani cikas a bututu yana iya tura shi inda baƙin ba zai taɓa kaiwa ba.

Kamfanin Iver Johnson na garin Fitchburg a jihar Massachusetts shi ne wurin da ya fi dacewa a ga wannan canji. Libarbarsa mai suna Safety Automatic, mai hoton kan mujiya a mariƙi, ta fito a 1894 kuma an sayar da ita da yawan gaske saboda araha. Ƙira ta farko da ta biyu domin baƙin albarushi aka yi su. Sai a 1909 aka fito da ta uku, aka sake ƙarfe da tsari saboda marar hayaƙi. A waje kusan kamarsu ɗaya. Masu tara su kan cire mariƙi su leƙa: in faffaɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa ke tura guduma, tsohuwa ce, in murɗaɗɗen sifirin ne, ta uku ce. Maƙwabcinsa Harrington & Richardson na Worcester ya yi nasa canjin wajen 1905, kuma daga lokacin ya fara buga sunan harsashi a gefen bututu. Smith & Wesson kansa sai wajen 1920 ya fara gasa ƙarfen ganga don ƙara mata tauri. A Turai abin ya ɗan fi sauƙi, domin akwai gidajen gwaji na hukuma a Birmingham da Landan da Liège, waɗanda ke harba kowace bindiga da harsashi mai matsi fiye da ƙima su buga mata hatimi, kuma hatimin baƙin albarushi daban yake da na marar hayaƙi. Amurka ba ta da irin wannan doka.

To shin harsashin .32 S&W na kanti na yau, wanda duk marar hayaƙi ne, zai fasa tsohuwar mai mujiya? Wasu na cewa kamfanoni sun san akwai irin waɗannan bindigogi, shi ya sa suke ɗura shi da sanyi-sanyi, kuma ƙololuwar matsinsa ba ta wuce ta da ba. Wasu na cewa ko da ƙololuwar ɗaya ce, yadda matsin ke hawa ba ɗaya ba ne. A ganina duka ɓangarorin sun tsaya a kan fashewa, alhali ba fashewa ce aka fi gani ba. Abin da aka fi gani shi ne sakwarkwacewa a hankali. Waɗannan libarba masu karyewa ne, wato jikinsu gida biyu ne, an haɗa da maɗauri a ƙasa da 'yar sakata a sama, ana ɓalle sakatar bindiga ta buɗe kwanso su fito. Duk harbi, ƙarfin da ke tura kwanso baya da wanda ke jan bututu gaba a kan wannan sakata suke haɗuwa. Ƙarfenta mai taushi ne, ta kuma haura shekara ɗari. Kowane harbi yana ɗan miƙar da ita. Ranar da ta fara girgiza, ganga ta sami wurin kai da komo, kai da komon kuma ya ƙara dukan sakatar. Ba a ganin ranar da abin ya fara.

Daga nan wasu cututtukan ke biyowa. Tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin katin waya ba, wajen kashi ɗaya cikin shida na milimita in bindiga tana da lafiya. In ta buɗe, iska na zurarewa ta gefe, gudun ƙwaya ya ragu. Sannan akwai ɗan hannun da ke juya ganga da maƙallin da ke tsayar da ita. In suka cinye, rami ba ya tsayawa daidai saitin bututu, ƙwaya ta daki gefen ƙofa, ta aske, ɓurɓushin dalma ya fantsama kan na kusa. A ƙara da tsatsa: tokar baƙin albarushi tana jan laima, tsofaffin huluna kuma suna barin gishiri mai cin ƙarfe, domin sai a 1927 Remington ya fito da hular da ba ta yin haka. Da wuya ka sami libarba mai araha ta wancan zamani da cikin bututunta bai yi zanzana ba. Shi ya sa maƙeran bindiga na can ba sa amsa tambayar “wane harsashi take ci” daga hoto. Sai sun auna rami, sun tura dalma mai taushi ta bututu sun auna ta, sun girgiza sakata.

Rauni ma yana da nasa haɗarin, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Harsashin da ya tsufa, ko wanda mai ya shiga ya kashe rabin albarushinsa, yana iya yin 'yar ƙara kawai ƙwayar ta tsaya a tsakiyar bututu. Tunda waɗannan harsasai dama can a hankali suke tafiya, ga iska na zuba ta tazara, ba su da rarar ƙarfi, musamman in ƙwayar mai rigar jan ƙarfe ce da ta fi gogar bango. Fistol mai ɗura kanta takan tsaya in haka ta faru. Libarba ba ruwanta, an ja kunama za ta juyo na gaba ta aika shi kan na farko. Kumburarren bututun da ake gani a jikin tsofaffi da yawa daga nan ya samo asali.

Batun ƙarfin aiki kuwa, lambobin ba su da ban tsoro. Ƙwayar .32 S&W ba ta kai giram shida ba, tana fita da gudun mita ɗari biyu da 'yan kai a daƙiƙa, ƙarfinta wajen jul 120 (jul ma'aunin ƙarfin duka ne). Ta Long ta ɗan haura giram shida, jul 150 ko kusa da haka. .32 H&R Magnum ya ninka wannan. Harsashin milimita tara na fistol ɗin 'yan sandan yau yana wajen jul 500, na AK-47 wajen 2,000. Waɗannan kuma lambobin kamfani ne, daga bututun gwaji. A gajeren bututu mai inci uku da ganga mai lilo, abin da ke fita bai kai haka ba. A irin wannan gudu, ƙwaya mai rami a kai, wadda aka tsara don ta baje in ta shiga jiki, yawanci ba ta bajewa, in ma ta baje sai ta tsaya da wuri. Wanda ya sayi irinta da tsada domin tsohuwar libarba ya biya kuɗin aikin da ba za a yi masa ba.

Amma raunin harsashi a takarda bai hana shi kisa. Ranar 6 ga Satumba 1901, a wajen baje koli a birnin Buffalo, Leon Czolgosz ya naɗe libarbar Iver Johnson mai cin .32 S&W cikin hankici ya harbi shugaban Amurka William McKinley sau biyu, daf da daf. Ƙwaya ɗaya ta doki maɓallin riga ta goce, ta bar ƙujewa kawai. Ɗayar ta ratsa ciki, likitoci suka neme ta ba su gan ta ba. McKinley ya yi kamar zai warke, sannan raunin ya ruɓe, ya rasu ranar 14 ga wata. Harbi biyun nan sun nuna halin harsashin gaba ɗaya: maɓalli na iya tare shi, kuma yana iya kashe shugaban ƙasa bayan kwana takwas. Wanda ya gaji kujerar shi ne mataimakinsa, Theodore Roosevelt ɗin nan da ya zaɓa wa 'yan sandan New York talatin da biyu.

Inda .32 S&W Long ya yi fice da gaske shi ne saiti. Ba ya tokarin hannu, ba ya ƙara mai firgitarwa, kuma yana zuwa inda aka nufa. Har yau masu gasar harbi ta mita 25 a Turai suna amfani da shi, da ƙwaya mai daɗaɗɗen kai da ke yanke takarda da'ira tsaf, a cikin fistol na zamani irin na Walther da Pardini. A Indiya kuma, inda doka ta ware wasu harsasai ga soja da 'yan sanda, masana'antar makamai ta gwamnati ta daɗe tana ƙera wa farar hula masu lasisi libarba a kan tsarin Webley mai karyewa, tana cin wannan harsashi na 1896.

Dangin .38 sun maimaita labarin, amma da sakamakon da ya kai gaban kwamitin bincike. .38 S&W na 1877 da .38 Special na ƙarshen ƙarnin ba uba da ɗa ba ne kamar yadda sunan ke nunawa. Na farkon gajere ne mai kauri, kwanso inci 0.386, ƙwaya 0.361. Na biyun dogo ne siriri, kwanso 0.379, ƙwaya 0.357. A 1932 sojan Ingila ya ɗauki libarbar Enfield da .38 S&W mai nauyin ƙwaya, wanda aka fi sani da .38/200, kuma kafin yaƙi suka canza ƙwayar zuwa mai riga saboda gudun saɓa yarjejeniyar Hague kan dokokin yaƙi. Ita ce libarbar hafsoshin Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kai sojojin Nijeriya Bama. Da masana'antun Ingila suka kasa wadatarwa, Smith & Wesson ya ƙera musu sama da rabin miliyan a wannan harsashi.

Bayan yaƙi aka kwaso su ana mayarwa Amurka a farashin gwanjo. Matsalar 'yan kasuwa ita ce Ba'amurke .38 Special yake so. Sai suka riƙa zurfafa ramukan ganga don dogon kwanso ya shiga, wasu su datse bututu don ta yi kama da ta jami'an farin kaya. Zurfafawa mai sauƙi ce, amma rami ba ya tsukewa. Gindin ramin ya ci gaba da zama da faɗin .38 S&W, bututu ma haka. Kwanso ya riƙa fitowa da kumburarren gindi, wani a tsage, ƙwaya kuma tana wucewa ta bututun da ya ɗara ta da kashi ɗaya cikin goma na milimita, ba ta kama tsagogin cikinsa masu murɗa ƙwaya yadda ya kamata.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ce Lee Harvey Oswald ya yi oda ta gidan waya daga wani kamfani a Los Angeles, a kan dala 29.95, da sunan ƙarya na A. J. Hidell. An zurfafa ramukanta, an datse bututunta zuwa inci biyu da kwata. Ranar 22 ga Nuwamba 1963, ƙasa da awa ɗaya bayan harbe shugaba Kennedy a Dallas, aka harbe ɗan sanda J. D. Tippit, aka kama Oswald da wannan libarba a gidan sinima. An tsinci kwanso huɗu kusa da wurin, kuma masu binciken FBI sun tabbatar daga gindinsu cewa ita ta harba su. Amma ƙwayoyi huɗun da aka ciro daga jikin Tippit sun gagare su. Jami'in FBI Cortlandt Cunningham ya shaida wa kwamitin Warren, wanda ya binciki kisan Kennedy, cewa saboda bututun ya fi ƙwayar faɗi, tana tangal-tangal ne a ciki, har ma ƙwayoyin da shi kansa ya harba a jere daga bindigar, zanen da ke jikinsu bai zo ɗaya ba.